Magini Ya Tafi, Birkila Ya Zo: Wa Ya Gaji Babban Gwani?

A bakin kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau suka gangaro ƙasar Mubi da fatauci, mai yin gini sunansa magini. A bakinmu yau sunansa birkila. Mutum zai ɗauka sauyin suna ne kawai, kamar yadda kwano ya maye gurbin akushi. Amma idan aka bi tarihin kalmomin nan biyu, za a tarar akwai wani babban aiki da ya salwanta a tsakaninsu. Maginin da, shi ke zuwa ya duba fili, ya ce ga inda za a haƙo ƙasa, ya ƙiyasta azara nawa za a nemo, ya yanke ranar farawa da ranar da dole a rufe ɗaki kafin ruwan farko, ya raba wa kowa aikinsa. Idan soro ya rufta, sunansa ne ya ɓaci a gari, har 'ya'yansa su rasa mai kiransu aiki. Birkila kuwa an ɗauko shi ne ya jera bulo, a sallame shi da yamma, ko a biya shi gwargwadon bulon da ya ɗora. To, sauran aikin fa? Wa ya ɗauka? A yawancin gine-ginen da muke yi a nan Lamorde babu wanda ya ɗauka, sai dai maigida da kansa, wanda shi ɗan kasuwa ne ko malami ko ma'aikacin gwamnati, yana leƙowa bayan la'asar ya ga inda aka kwana.

Gini a ƙasar Hausa tsohuwar sana'a ce mai sarauta. An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta. Gidan Rumfa, inda Sarkin Kano ke zaune har yau, ya samo asali ne daga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ganuwar ƙasa kuwa ba ta tsayuwa da kanta. Kowace damina ruwa na cin ta, kowane rani sai an koma an gyara, a raba wa unguwanni da ƙauyuka kowa da nasa ɓangaren. Duk wanda a cikinmu ya taɓa tara mutum goma a gayya ya san yadda ake fama kafin a gama kadada ɗaya, balle a tara ɗaruruwa a kan bango ɗaya. Dole akwai mai cewa ga inda za a fara, ga kaurin da za a ba shi, ga wanda zai kawo ruwa, ga wanda zai yi kwaɓi. Wannan mutumin shi ne Sarkin Magina, wasu garuruwan su ce Sarkin Gini.

Bari mu ɗan daɗe a kan yadda aikin yake, domin yaranmu da suka tashi cikin ɗakin bulo suna ganin ginin ƙasa aikin rashin wayewa ne. Kafin a aza tubali ɗaya, sai an haƙo ƙasa mai kyau, an kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, an tattake, an bar ta ta kwana da kwanaki ta jiƙu. Sannan a mulmula tubali, a shanya shi ya bushe ƙarau. Bango ba a ɗaga shi a rana ɗaya. A ɗora 'yan layuka ne a bari su sha iska, sannan a ƙara, in ba haka ba na ƙasa ya kasa ɗaukar na sama. Rufi kuma sai da azara, wadda ake tsagowa daga kututturen giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Azara tana da iyakarta: ba a barin ta ta tsallake fili mai nisa ba tare da tallafi ba, da an kusa mita biyu sai ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Wannan iyakar ce ta sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, ana ɗora azara a kan azara tana tusgowa kaɗan-kaɗan har a rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya. Bayan rufi sai kariya daga ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, katsi kuma sai an je marina an kwaso daga karofi, a haɗa da wasu abubuwan a yi laso. Ga indararo da za ta zubar da ruwa nesa da jikin bango.

Kun ga ke nan kowane abu da lokacinsa da kuma mai kawo shi. Giginya tana daji, ɗorawa ba ta nuna sai bazara ta gabato, katsi sai marina sun kwashe rijiyoyinsu, leburori ba sa samuwa sai an gama girbi, ruwan sama kuma ba ya jiran kowa. Maginin da bai lissafa waɗannan tun da kaka ba, damina za ta same shi da bango a buɗe, aikin wata huɗu ya narke a dare ɗaya. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lissafin nan a ka yake, babu takarda, amma lissafi ne na gaske.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Malam Mika'ilu, da ake kira Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Manyan ginshiƙansa da bakan gizonsa sun tsaya fiye da shekara ɗari, har a shekarun 1970 aka gina sabon masallaci aka lulluɓe wani sashe na tsohon a cikinsa. Wanda ya je Jos zai ga kwaikwayonsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. A Kafin Madaki ta jihar Bauchi ma akwai ginin da har yau ake kira da sunansa. Ana ba da labarin cewa ajalinsa a Birnin Gwari ya same shi, wai sarkin garin ne ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki ginin da ya fi nasa. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka mu ɗauke shi a matsayin labari. Abin da ya tabbata shi ne akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya, kuma sarautar magina ta zauna a gidansa. Kada kuma mu manta, yawancin hannayen da suka yi kwaɓi da dako a manyan gine-ginen wancan zamani na bayi ne da talakawan da aka tilasta wa, waɗanda ba wanda ya riƙe sunansu.

Yadda ake koyon sana'ar kuwa, yaro yana bin mahaifinsa ne ko ubangidansa shekara da shekaru. Ya fara da ɗebo ruwa da cilla tubali sama, ya kai ga yaɓe, ya kai ga aza bango, sai can da girma a bar shi ya ɗaure rufi. Kafin a ba shi aiki nasa na kansa, ya riga ya taɓa kowane mataki da hannunsa. Irin wannan tarbiyya ba ta mutu da wuri ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginin masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, aka yi ta ƙara masa ado da hasumiyoyi, har a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gini na duniya ke takara a kanta.

Mu da muka zo nan, ba mu tarar da ƙasa ba magina ba. Mutanen duwatsun Mandara gwanayen dutse ne. Duk wanda ya hau Sukur a ƙasar Madagali ya ga fadar Hidi da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse da gonakin da aka yi wa matakala a jikin tsauni, an jera duwatsu ba siminti ba laka, zai gane dalilin da ya sa a 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, na farko a duk Nijeriya. Fulani kuma, waɗanda sunan unguwarmu ma daga harshensu yake, domin lamorde mazaunin lamiɗo ke nan, suna da jawlerunsu kamar yadda muke da zaurenmu. Abin da kakanninmu suka zo da shi shi ne soro da katanga da tsarin gida mai zaure da shigifa da cikin gida, kuma an yi ta aron hannu tsakaninmu da maƙwabta.

Sai zamani ya juya. Jamusawa sun shigo Mubi a 1903 suka mai da ita sansaninsu a bakin iyakar Kamaru, Turawan Ingila suka karɓe ta a 1914, daga 1922 kuma aka riƙa mulkin yankin a matsayin ƙasar amana. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, yankin ya shigo Nijeriya ranar 1 ga Yuni 1961 da sunan Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Hedkwatar lardi kuwa tana buƙatar ofisoshi da asibiti da makarantu da gidajen ma'aikata da kwalbatoci. Da farko Turawa a Arewa da maginan gargajiya suka yi aiki. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ginin ƙasa ce. Amma sannu a hankali ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, wato PWD, da sashen ayyuka na En'e suka koma siminti da rodi da kwano, kuma wannan gini ya zo da nasa tsarin shugabanci.

Ku duba kalmomin da muka ara a wancan lokaci: birkila, kafinta, lebura, heluma, foman, kwangila. Kusan duk na masu aikin hannu ne da masu yi musu tsawa. Injiniya ne kaɗai a sama, shi kuwa baƙo ne, Bature ko mutumin Kudu. Dalilin a fili yake. Ginin siminti a takarda ake fara yin sa, da zane da awo da lissafi cikin Turanci, maginin gargajiya kuwa bai karanta boko ba, kuma iyayenmu da yawa a lokacin ba su yarda 'ya'yansu su karanta ba. Sai magini ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya tsaya a ginin ƙasa kasuwarsa tana raguwa, ko ya ɗauki cokalin gini ya zama birkila a ƙarƙashin wani. A gefe guda kuma attajiranmu masu jari da sanayya a En'e suka zama 'yan kwangila. Ta haka muka riƙe hannu, muka riƙe jakar kuɗi, amma tsara aikin da ɗaukar alhakinsa suka fita daga hannunmu. A ganinmu wannan ita ce babbar asarar da aka yi a sana'ar, ta fi asarar makuba da laso nesa ba kusa ba.

Ƙasar ma baki ɗaya ta ɗanɗana kuɗar gini ba tsari. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga waje, mafi yawa ta hannun ma'aikatar tsaro, ba tare da an lissafa abin da tashar jiragen ruwa ta Legas ke iya saukewa ba. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Ga kuɗi, ga kaya, ga buƙata, amma babu mai haɗa su a kan lokaci. Maginin ƙauye da ya san ba a tara tubali a fili cikin damina da bai yi wannan kuskure ba.

A ƙasashen da ginin siminti ya fito, sun daɗe da mai da wannan aiki ilimi mai zaman kansa. A 1834, shekarar da Abdulkarimu ya hau gadon Zazzau, wasu manyan magina a Landan suka kafa ƙungiyarsu, wadda daga baya ta zama babbar cibiyar magina ta Ingila. A 1957 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wata dabarar tsara aiki: a jera duk ayyukan da ke cikin gini, a gano waɗanda idan ɗayansu ya makara da kwana ɗaya duk ginin ya makara da kwana ɗaya, a sa musu ido fiye da sauran. Fenti zai iya jira, harsashi ba zai jira ba. Wannan dai shi ne lissafin azara da ruwan farko, sai dai an rubuta shi, yanzu kuma ana yin sa a kwamfuta.

A nan gida, cibiyar magina ta Ingila ta buɗe reshe a Nijeriya a 1967, reshen ya ci gashin kansa a 1970 da sunan NIOB. A 1989 gwamnatin soja ta yi doka mai lamba 45 da ta kafa CORBON, hukumar da ke yi wa magina rajista, kamar yadda COREN ke yi wa injiniyoyi tun 1970. Makarantu ma suka biyo. An buɗe makarantar koyon fasaha ta Kaduna a 1956, ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, tana da sashen koyar da gini, har da digiri na biyu a kan tafiyar da aikin gini. Sai abin ya matso kusa da mu: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda muke ce wa Foli, an kafa ta a Yola a 1979, aka dawo da ita Mubi a 1982, kuma tana da sashen fasahar gini. Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ma tana da nata. Wato shekaru da dama ke nan ana koyar da gadon Babban Gwani a garin nan, inda yaro zai hau keke napep daga Lamorde ya je aji ya dawo ya ci tuwon gidansu. Mu ƙirga a layinmu, yara nawa suka shiga sashen?

Wani abin da ke rikita mu shi ne duk wanda muka gani da hular kwano da takarda a hannu sai mu ce injiniya. Alhali mutum huɗu ne daban-daban. Akwai mai zanen gini, wanda ke tsara fasalinsa, ɗaki nawa, taga ina, iska ta ina. Akwai injiniya, wanda ke lissafa nauyi ya ce ga kaurin ginshiƙi, ga girman rodi da yawansa. Akwai mai ƙididdigar kaya da kuɗi, wanda ke fitar da buhu nawa, tifa nawa, naira nawa. Na huɗu shi ne magini mai rajista, wanda ke karɓar takardun ukun nan ya mai da su gini a ƙasa. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 ya ɗora masa tafiyar da aikin da kula da masu sana'ar hannu, ya kuma ce shi zai shirya jadawalin aiki, da tsarin tabbatar da inganci, da tsarin kare lafiyar ma'aikata. Kundin yana nan a rubuce. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci, musamman a garuruwa irin namu.

Me yaro ke koya a can? Yana koyon karanta zane da auna fili, da halin ƙasa da irin harsashin da ya dace da ita, da halin siminti da rodi da katako. Yana koyon ƙiyasin kuɗi, da dokar kwangila, da yadda ake jera ayyuka don kada kafinta ya zo ya zauna yana jiran mai ɗaurin rodi ana biyan su duka biyun. Ga misali ƙarami da kowa zai gane. Buhun siminti kilo 50 ne. Haɗin kankare da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Bayan an zuba, ana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 ake ɗaukar cewa ya kai ƙarfinsa. Yanzu ku tuna sau nawa muka ga an ƙara yashi don buhu ya yi auki, an tsuga ruwa a kwaɓi don lebura ya ji sauƙin shebur, an zuba dakin a zafin Maris ba wanda ya koma ya yayyafa masa ko bokiti ɗaya, an cire katakon tallafi da wuri saboda ana jiran sa a wani wurin. Haka bulo: mai buga shi yana ƙara yawan da yake fitarwa a buhu ɗaya, mu kuma muna murna mun samu araha, mun manta araha ba ta ado. Babu ɗaya cikin waɗannan da ido zai gani bayan an yi filasta da fenti.

A nan bambancin ƙasa da kankare yake. Bangon ƙasa yana gargaɗi: ya tsage, ya zubar da yaɓe, ya ba ka damina ɗaya ko biyu ka gyara. Dakin da aka cuta ba ya sallama. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli 2024 wata makaranta mai bene a unguwar Busa Buji ta Jos ta rufta da ɗalibai suna aji, aka rasa rai 22. Mu ma yanzu filaye sun yi tsada, benaye sai tashi suke a Mubi, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya ko Islamiyya a sama. 'Ya'yanmu ne ke zaune a ƙarƙashin waɗannan dakin.

Akwai kuma abin da ba mai son tunawa. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, muka watse, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu duwatsu, har Allah ya sa aka ƙwato garin a watan Nuwamba. Abin da aka lalata a nan da Michika da Madagali, makarantu da wuraren ibada da bankuna da ofisoshi da gadoji, ya jawo aikin gini mai yawan gaske. A 2017 aka kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas, ƙungiyoyin agaji na duniya kuma suka shigo da ayyukan ajujuwa da asibitoci da matsugunai. Kowane ɗaya cikin ayyukan nan yana da mai kula da shi, mai albashi da mota da sa hannu. Samarinmu sun samu aiki, gaskiya ne, amma galibi na dakon bulo da haƙar rami da jigilar yashi daga Yedzaram. Ba ma zargin kowa a kan haka. Takarda aka nema, masu ita suka zo suka karɓa.

To, ina karatun ke kai mutum? Mafi yawa suna farawa ne a wurin aiki a ƙarƙashin kamfanin gini, suna kula da leburori da kaya da awo, a hankali har a ba su ragamar aiki sukutum. Manyan kamfanoni irin su Julius Berger da Dantata and Sawoe suna ɗaukar irinsu, amma ƙananan kamfanoni sun fi yawa kuma a nan aka fi koyo. Wasu suna shiga ma'aikatar ayyuka ta jiha ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko hukumar da ke ba da izinin gini. Kowace jami'a da kwaleji tana da sashen da ke kula da gine-ginenta, musamman ayyukan TETFund. Bankuna da asibitoci da otal-otal suna buƙatar mai kula da gyara. Wasu kuma su koyar. Amma wanda ya fi dacewa da jininmu na kasuwa shi ne mutum ya tsaya da ƙafarsa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce mai neman aiki sai ya nuna yana da ƙwarewa da ƙwararrun ma'aikata. Shi ya sa wasu 'yan kwangilarmu ke zuwa aron takardar wani su liƙa a fayil, su biya shi, ba ya ko taka wurin aikin. Da ɗan gidan ne ke da takardar, da kuɗin ya zauna a gida, kuma da aikin ya samu mai duba shi da gaske. Ko gidan buga bulo ne, wanda ya san haɗi ya kuma tsaya a kansa zai yi suna cikin shekara biyu. 'Yan mata ma ba a rufe musu ƙofa ba. Ƙiyasi da tsara jadawali da rubuta rahoto aikin tebur ne, kuma akwai mata masu rajista a sana'ar.

Ba za mu ɓoye wahalarsa ba. Aiki ne na rana da ƙura, da tashi daga wannan gari zuwa wancan. Kwangilar gwamnati tana tsayawa, albashi ya tsaya da ita. Masu gida da yawa har yanzu suna ganin biyan mai kula da aiki asarar kuɗi ce, alhali abin da ke zurarewa a simintin da aka sace da kayan da aka saya fiye da kima da bangon da aka rushe aka sake ya fi ladansa. Ga tsohuwar rigimar fifita mai digiri a kan mai babbar difloma a aikin gwamnati. Sannan akwai laifin masu karatun su kansu. Yaron da ya fito da takarda bai taɓa riƙe cokalin gini ba, tsohon birkila zai kalle shi sau ɗaya ya gane, daga ranar kuma “to, ranka ya daɗe” za a riƙa ce masa a yi abin da aka ga dama. An ƙirƙiro shirin SIWES tun 1973 don ɗalibai su je su ga aiki da idonsu, amma wasu sa hannu kawai suke zuwa nema a littafi. A wannan wuri tsarin magina na da ya fi na yanzu, domin ba a ba ka rufi sai ka yi kwaɓi.

Shi ya sa muke ganin 'ya'yan birkiloli da kafintoci da masu sayar da kayan gini na unguwar nan sun fi kowa dacewa da wannan karatu, su da suka tashi suna jin warin siminti. Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A Foli ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aikin koyo shekara 1, a dawo babbar difloma shekara 2. A jami'a digirin gini galibi shekara 5 ne, mai difloma kuma yana iya neman shiga a tsakiya. Bayan bautar ƙasa da wasu shekarun aiki sai jarrabawar ƙwararru da rajista da CORBON. Abin da ake nema tun daga tushe shi ne kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks, yawancin makarantu kuma suna son Kemistiri. Wato maganar tana yankewa ne tun a farkon SS1, ranar da ake raba yara ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, yaro yana ɗan shekara 15 ko 16. A ranar yawancinmu muna kasuwa, yaron ne ke zaɓa shi kaɗai, sau da yawa kuma ajin da abokinsa ya shiga yake bi.